'Yar Robar Gwajin Maleriya: Yadda Take Aiki Ba Batir Ba Caji

A yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun, ruwan madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 ya sa ana noman shinkafa har da rani. Inda ruwa ya kwanta kuwa, sauro ya samu gida. Shi ya sa da zarar jiki ya yi zafi, mutum sai ya ce maleriya ce, ya nufi kemis. Alhali a asibitocin sha-ka-tafi akwai wata 'yar roba da ake kira RDT, wadda ba ta kai rabin wayar hannu ba, da ke raba gardama cikin minti 15 zuwa 20.

Cikin robar akwai siririyar takarda da aka shafa wa sinadaran garkuwa, wato antibodi, waɗanda abu ɗaya tak suke kamawa, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. Idan aka ɗiga jinin yatsa da ruwan gwaji, sai su bi takardar. In akwai sinadarin ƙwayar cutar a jinin, a kama shi, layi ya fito a kan harafin T. Layin C shaida ne cewa robar ta yi aiki. In bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake.

Wannan dabara 'yar'uwar gwajin ELISA ce, wanda Eva Engvall da Peter Perlmann suka ƙirƙiro a Suwidin a 1971, sai dai shi yana buƙatar ɗakin gwaji da na'ura.

Robobin ba iri ɗaya ba ne. Wasu furotin mai suna HRP2 suke nema, wanda kan yi makonni a jini bayan an warke, don haka layi na iya fitowa alhali cutar ta tafi. Wasu kuma enzaim ɗin pLDH suke nema, wanda ƙwayar cuta mai rai ke samarwa, yana kuma ɓacewa cikin 'yan kwanaki bayan magani. Bambancin ya ƙara muhimmanci tun 2010, lokacin da aka gano ƙwayoyin da ba sa samar da HRP2 a ƙasar Peru. Daga baya matsalar ta sa Eritiriya ta daina dogaro da irin wannan roba.

Yanzu har akwai manhajojin da ke ɗaukar hoton robar da kyamarar waya su karanta layin su adana sakamako, amma ba su maye gurbin ma'aikacin lafiya ba.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Idan layin C kaɗai ya fito kuma zazzaɓi bai sauka ba, a koma asibiti a binciki wata cutar, kamar taifot ko sanƙarau. A kuma duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin leda, domin robar da ta tsufa ko ta sha rana na iya ba da sakamakon ƙarya.