Zakin Keji da Zakin Dawa

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau zancen zaki za mu yi, da 'yar'uwarsa damisar Asiya mai ratsi-ratsi wadda ake kira taiga, da yadda ɗan Adam yake tsare su a keji yana kiwonsu har su hayayyafa.

Ɗan Zamfara da yake son ya nuna wa 'ya'yansa zaki ido da ido, hanyar da aka saba ita ce ta Kano. A tashi daga Gusau da sassafe, a wuce duwatsun Kwatarkwashi, a ratsa Tsafe, a faɗa Funtuwa, a miƙe sai Gidan Zoo na Audu Bako, wanda aka buɗe a shekarar 1972. Wanda ya taɓa zuwa ranar yawon Sallah ya san yadda wurin yake cika, ba masaka tsinke. Yara sun yi cincirindo a gaban kejin, iyaye na ɗaga ƙanana a kafaɗa. Shi kuwa manyan dawa yana kwance a inuwa, ya ɗora haɓa a kan dagi, ko kallon mutane ba ya yi. Sai ka ji wani yaro ya ce ai wannan zakin rago ne. Wani ma ya ɗauki tsakuwa ko ledar ruwa ya jefe shi don ya miƙe. Yaro, ba ragwanci ba ne. Ko a dawa zaki yakan kwashe har sa'o'i 20 a yini yana hutawa, da dare yake fita nema. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne lokacin da ya miƙe ɗin. A gidajen namun daji da yawa za ka ga zaki ya je wannan kusurwa, ya juyo, ya koma waccan, ya sake juyowa, a kan layi ɗaya, har ƙasar wurin ta shafe ta zama turba. Masana halin dabbobi sun ce wannan kai-komo alamar ƙunci ce. Dabbar da rurinta kaɗai yake kai nisan kilomita 8 cikin dare, ita ce aka ba 'yan taku kaɗan ta yi rayuwarta duka a ciki.

To, me ake buƙata kafin a riƙe zaki? Farko dai nama. Babban zaki yana cin kimanin kilo 5 zuwa 7 a kowace rana, wato wajen tan 2 a shekara. Mahauta da masu zuwa kara sun fi kowa gane wannan lissafi: akuya guda, in aka feɗe ta, da ƙyar ta kai masa kwana biyu. A ce gida yana da zakuna biyar, kuma a tuna farashin akuya a kasuwa yau. Ba tsoka zalla ake ba shi ba, sai an haɗa da ƙashi da kayan ciki. Ɗan zakin da aka raina da tsoka kawai ƙasusuwansa suna laushi, ƙafafu su karkace, wani lokaci su karye da kansu. Ga likitan dabbobi, ga allurar rigakafi, ga maganin tsutsa, ga ruwa mai tsabta. Kuma zakin keji yakan kai shekara 20 ko fiye. Gwamnatin da ta sayo shi za ta sauka, wata ta hau, ita ma ta sauka, shi yana nan yana jiran kalacinsa.

Nan ne ake samun matsala. A farkon shekarar 2021 hotunan wani zaki a wurin shaƙatawa na Gamji da ke Kaduna suka bazu a intanet. Haƙarƙarinsa a waje, gezarsa ta zube, ko tsayuwa da ƙyar. Duk wanda ya ga hoton nan sai da zuciyarsa ta sosu. Mu nan ba sai an je nesa ba wajen neman hukuncin wannan. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. In haka abin yake a kan kyanwa, ina ga zaki? Ranar da ka rufe wa dabba ƙofa, abincinta da lafiyarta sun dawo wuyanka, amana ce.

(Kiɗa)

Abu na biyu shi ne ƙofa. Gidan zaki na ƙwarai ɗaki biyu ne da ƙofar ƙarfe mai zamewa a tsakani, wadda ake ja daga waje. Mai kula zai jawo zakin zuwa ɗaki ɗaya, ya saki ƙofa, ya sa kwaɗo, ya duba da idonsa ya tabbatar, sannan ya shiga ɗayan ya yi shara ya ajiye nama. Ƙa'idar ita ce mutum da zaki kada su taɓa haɗuwa a ɗaki guda. Yawancin haɗarin da aka samu, in aka bi sawu, a ƙofar nan yake farawa.

Mutanen Kano ba su manta da watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da zaki ya kuɓuce a Gidan Zoo. Kusan kwana biyu mazauna unguwannin da ke kewaye suna zaman ɗar-ɗar. Allah ya taƙaita, bai fita daga harabar gidan ba. Kejin awaki ya faɗa ya yi ta'adi, daga baya aka samu ya koma mazauninsa. Na Jos bai yi wannan sa'a ba. A Disambar 2015 ya fice daga kejinsa a gandun namun dajin garin, aka bi shi aka harbe. A shekarar 2024 kuwa sau biyu aka yi rashin rai. A Fabrairu, zaki ya kashe wani ma'aikacin gidan namun daji na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, mutumin da ya kula da zakunan nan tun ranar da aka haife su, wajen shekara tara. A Satumba kuma, a wurin namun daji na ɗakin karatun tsohon shugaban ƙasa Obasanjo a Abeokuta, aka rasa wani ma'aikaci ɗan jihar Bauchi a lokacin ba da abinci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba baƙi ba ne, su ne suka fi kowa sanin dabbobin. Hausawa sun yi wa damisa kirari da ƙi-sabo, kuma zaki ma haka yake. Ka shayar da shi madara da hannunka yana jariri, ranar da ya kai kilo 180 bai san wannan alheri ba, abin da Allah ya halicce shi a kai shi zai yi. Waɗannan ma'aikata sun cancanci horo, da kwaɗo mai kyau, da bindigar allurar sa barci a kusa, da albashi a kan lokaci, da abokin aiki a tsaye duk sa'ar da za a ba da abinci.

Yanzu mu zo kan haihuwa, don nan ne hujjar masu kiwon take. Suna cewa zaki yana ƙarewa a dawa, bari mu tara shi a keji ya hayayyafa. Maganar tana da daɗin ji. Kuma gaskiya ne zaki ba ya wahalar haihuwa a tsare. Zakanya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 110, ta haifi biyu ko uku ko huɗu. Ɗan yakan zo ido a rufe, jikinsa da ɗige-ɗige, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi. A dawa uwar takan yi wajen shekara biyu kafin ta sake haihuwa, domin tana rainon waɗannan tana koya musu farauta. Amma in aka ƙwace mata 'ya'yan suna 'yan kwanaki, nan da nan take sake neman barbara. Masu neman kuɗi sun gano wannan.

A Afirka ta Kudu abin ya zama sana'a sosai. An ƙiyasta akwai zakuna wajen 8,000 a gonakin kiwo kusan 350, fiye da ninki biyu na zakunan dawa na ƙasar. Ɗan zaki yana ƙarami masu yawon buɗe ido su biya su rungume shi a ɗauke su hoto. In ya tasa, a biya a yi tattaki da shi. In ya girma geza ta cika, a sake shi a fili mai shinge, wani attajiri ya biya ya harbe shi, ya ce ya yi farauta. Ƙasusuwan kuma a sayar a Asiya a yi magani. A 2018 gwamnatin ƙasar ta ba da izinin fitar da ƙwarangwal 1,500, kotu ta ce ba a bi doka ba a shekarar da ta biyo, sannan a watan Mayun 2021 ministar muhalli Barbara Creecy ta sanar cewa za a kawo ƙarshen sana'ar.

Ita taiga ba 'yar Afirka ba ce, a Asiya take, kuma ba ta zama a garke kamar zaki, ita kaɗai take yawonta. Amma ƙaddararta a hannun mutane iri ɗaya ce. An taɓa ƙiyasta cewa taigar da ke tsare a Amurka ta kai 5,000, har sai da ƙasar ta yi doka a Disambar 2022 ta hana mutum ya ajiye irin waɗannan dabbobi a gida ko a ba jama'a 'ya'yansu su riƙa taɓawa. A Tailan, a 2016, hukuma ta kwashe taiga 147 daga wani wurin bauta da masu yawon buɗe ido ke zuwa, aka tarar da gawar jarirai 40 a cikin firji. Bayan shekara uku da kaɗan, 86 daga waɗanda aka kwashe sun mutu, kuma hukuma ta ce barbarar dangi ce ta raunana su. Makiyayin Bunguɗu ya san wannan tun kafin masana su rubuta: in ka bar rago ɗaya yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, garke sai ya tsumbure, dole a sauya rago. A keji kuwa sau da yawa uba da 'ya, wa da ƙanwa ake haɗawa, babu ma littafin da ya nuna wa ya haifi wa.

Wannan ya sa nake cewa, a fahimtata, gidan da bai san asalin zakunansa ba, bai kuma san inda zai kai ɗan da za a haifa ba, bai kamata ya bari a yi barbara ba. A raba su, ko likita ya yi musu abin hana ɗaukar ciki. Zakin da aka haifa a kan siminti, aka ciyar da shi da hannu, bai iya kamun ɓauna ba, kuma ya daina tsoron mutum. In ka sake shi a daji, ko yunwa ta kashe shi, ko ya nufi ruga mafi kusa.

(Kiɗa)

Masu sauraro, ina namu zakin na dawa? Ƙasar Zamfara tana cikin yankin da zaki ya taɓa zama. A Janairun 2014 aka fitar da sakamakon binciken da ƙungiyar Panthera ta yi ƙarƙashin Philipp Henschel. Sun duba gandun daji 21 a Afirka ta Yamma, a huɗu kacal suka tabbatar da zaki: Niokolo-Koba a Senegal, da dajin W da Arli da Penjari wanda ya haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Duka-duka zakuna wajen 400, manyan da suka isa haihuwa ba su kai 250 ba. Najeriya gaba ɗaya ba ta da 50. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Gwanki da kanki da ɓauna da gada, waɗanda su ne abincinsa, an farauce su. Gonaki sun ci daji. In yunwa ta sa ya kama saniya, mai ita ya zuba guba a mushen, zakuna da kuraye da ungulaye su mutu a wuri guda. Ga masu neman man zaki da fatarsa don magani.

Abin mamaki, binciken jini ya nuna zakinmu na yamma ya fi kusa da zakin Indiya a kan na kudancin Afirka. Saboda haka zakin da aka sayo daga gonar kiwo a Afirka ta Kudu, ko ya haifi ɗari a keji, bai ƙara wa namu iri ko ɗaya ba. Labarin na Indiya kuwa ya shafe mu ƙwarai. A farkon ƙarni na 20 zakunan dajin Gir sun ragu zuwa 'yan gomomi. Sarkin Junagadh, wani basarake Musulmi, ya hana farautarsu. Makiyaya suna nan a dajin da shanunsu da ɓaunarsu ta gida har gobe, in zaki ya kashe dabba gwamnati tana biyan diyya. A ƙidayar 2020 an samu zaki 674, a ta 2025 an samu 891. Haka taigar Indiya: daga 1,411 a 2006 ta kai 3,682 a 2022, ta hanyar tsaron daji. Ruwanda ma da ta rasa zakunanta, a 2015 ta kawo bakwai zuwa gandun Akagera, zakunan dawa waɗanda suka iya farauta, bayan an yi shinge an kuma bar namun daji sun yawaita. Yau sun haura 50.

Mu ma muna da irin wannan fili. Gandun Kuyambana a ƙasar Ɗansadau, ƙaramar hukumar Maru, ya haura murabba'in kilomita 2,500, kuma ya haɗe da dajin Kamuku na Birnin Gwari. Don namun daji aka keɓe shi. Kowa ya san 'yan bindiga ne suke cikinsa yau, kuma wanda aka kora daga gonarsa a Tsafe ko aka ɗauke masa ɗa a hanyar Ɗansadau yana da haƙƙin ya ce ran mutum ake ta kai, wa yake ta zaki? Gaskiyarsa. Sai dai dajin da aka bari babu mai gadi, babu hanya, babu idon hukuma, shi ne ya rasa namunsa, shi ne kuma ya zama mafakar 'yan bindiga. In Allah ya kawo zaman lafiya, aikin yana da tsari: ma'aikatan gandun daji daga 'ya'yan ƙauyukan kewaye, har da maharban da suka san kowace ƙorama, burtali da mashaya ga makiyaya don kada a yi rigima a kan iyaka, asusun diyya da ake biya da gaske, sannan a ba gwanki da gada shekaru su dawo. Zaki shi ne na ƙarshe a layi, kuma daga Penjari ko Kainji irinsa zai fito.