Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe?

Akwai maganar da na gaji da jin ta a gidajen biki da wuraren zaman makoki: wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wa ya koya mana wannan?

Mace za ta ji ƙullutu a nononta kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya ko ciwo. Ta faɗa wa yayarta a asirce, a ce mata kul ta je asibiti, yanke mata nono za su yi. Sai a shiga jiƙo da shafe-shafe da hayaƙi, wata ma ta ce jifa ne daga kishiya. Ana nan har fata ta fashe, wari ya hana kowa zama a ɗakin. Sannan ne za a kwashe ta zuwa asibitin Shika ko na Malam Aminu Kano. In ta cika bayan tiyata, sai ka ji ana cewa, "Ai dama mun faɗa, ƙarfe ya taɓa shi." Alhali tun kafin likita ya gan ta cutar ta riga ta kai huhu da ƙashi. Ajali na Allah ne, amma jinkiri ne sanadi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na masu sankarar nono suna nan da ransu shekara 5 bayan gano cutar. Su ma fa da ƙarfen ake yi musu aiki.

Don haka, 'yar uwa, ki riƙa laluba nononki da hammatarki duk wata bayan kin yi tsarki. In kin ji ƙullutu, ko kan nono ya lotsa ciki, ko yana fitar da jini, ki je asibiti a makon nan. Yawancin ƙullutai ma ba daji ba ne, amma gwaji kaɗai ke tantancewa. Maigida kuma, ka daina cewa "bari mu gani", ka ba da kuɗin mota ka raka ta.

Allurar HPV da ke kare 'yan mata daga sankarar bakin mahaifa kuwa, tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yin ta kyauta ga masu shekara 9 zuwa 14. Ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku.