Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu: Abin Da Numfashin Yayana Ya Koya Mini

A gidanmu ni ake kira Dokta, kuma sunan nan ya kusa jawo mana rashi. Digirina na alli da allo ne, ban taɓa riƙe allura ba, amma da zarar wani ya kwanta ciwo a dangi sai ka ji an ce a kira Dokta. Haka aka yi a hunturun da jikin Yayana ya tsananta.

Yaya tela ne, ya ba hamsin baya. Tun yana yaro tarin fuka ya kama masa ƙashin baya. Ya warke, amma ciwon ya bar shi da doro, ƙirjinsa ya tanƙware. Wannan bai hana shi taka keken ɗinki shekara da shekaru ba, da keken nan ma ya biya mini kuɗin jarrabawar sakandare. Sai daga baya aka ga ya fara gyangyaɗi a kan keke da hantsi. Yakan tashi da asuba da ciwon kai mai nauyi, ƙafafunsa kuma suna kumbura. Matarsa ce ta lura cewa idan dare ya raba leɓɓansa sukan yi duhu.

Na sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin a jini, wadda ta yaɗu a hannun jama'a tun zamanin korona. A jikin mai lafiya takan nuna 95 zuwa sama. Da rana Yaya yana kan 91, amma a daren da na kwana a ɗakinsa na ga lambar ta gangaro har 76. Sai na yi lissafin da kowa zai yi: oksijin ya yi ƙasa, to a ƙara masa. Muka yi karo-karo da 'yan'uwa muka sayo injin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki. Daren farko lamba ta hau 97, muka yi hamdala. Da na ga ta ɗan motsa a dare na biyu sai na ƙara murɗa makunnin. A asubar rana ta uku aka yi ta tashin Yaya ya yi salla, da ƙyar ya buɗe ido, maganarsa ba kai ba gindi.

A asibitin koyarwa aka ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannunsa. Da sakamako ya fito likitan ya dube mu ya ce, "Wa ya ce ku sa masa oksijin a gida?" Na ce, "Ni ne, Likita." Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Malam, zauna in yi maka bayani. Ka san zugazugin maƙeri?"

Abin da ya faɗa mini a ranar, da wanda na karanta daga baya, shi ne dalilin wannan rubutu.

Numfashi aiki biyu yake yi. Yana shigar da oksijin, wanda shi ne kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, sannan yana fitar da iskar kabon dayoksaid, wato dattin da jiki ke tarawa yayin da yake ƙona abinci. Huhu ba ya motsa kansa. Haƙarƙari da tsokokin ƙirji da faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki su ne zugazugin da ke buɗe shi su matse shi. Idan huhu ya kasa buɗewa yadda ya kamata, likitoci sukan ce numfashi ya takura, kuma takurar iri biyu ce.

Iri na farko, huhun ne da kansa ya ƙandare saboda tabo, kamar soson da ya bushe. Ana ganin haka a jikin masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai da suka daɗe suna shaƙar ƙurar dutse, da wasu masu ciwon gaɓoɓi, da waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo mai yawa. A irin wannan hali zugazugi na aiki, mai ciwon ma sauri-sauri yake numfashi, amma oksijin ne ke wahalar ratsawa zuwa jini. Dattin iskar yakan fita lafiya har sai ciwon ya yi nisa sosai.

Iri na biyu, huhun da sauran lafiyarsa, zugazugin ne ya gaza. Nan ne masu doro da karkacewar ƙashin baya suke, da waɗanda shan inna ya raunana wa tsokokin ƙirji, da masu cututtukan da ke cinye tsoka a hankali, da masu ƙiba mai tsanani. Iskar da ke shiga da fita ba ta da yawa, saboda haka oksijin yana sauka, kabon dayoksaid kuma yana hawa. A jinin mai lafiya ma'auninsa 35 zuwa 45 ne. Na Yaya ya haura 70 a ranar da muka kai shi.

Me ya sa abin yake fara bayyana da dare? Idan mutum ya shiga zurfin barcin da ake mafarki a cikinsa, kusan duk tsokokin jiki sukan saki, har da na tsakanin haƙarƙari, a bar tsokar nan ta ƙasan ƙirji tana aikin ita kaɗai. Mai lafiya ba ya ko sani. Wanda ƙirjinsa ya tanƙware kuwa, a nan numfashinsa ke zama sama-sama, dattin iska ya taru. Ciwon kan asuba da gyangyaɗin rana daga nan suke, kumburin ƙafa kuma alama ce cewa zuciya ta fara jigata.

Kuskurena a nan yake. Jikin Yaya ya saba da yawan kabon dayoksaid, har ƙwaƙwalwarsa ta rage jin ƙararrawarsa. Ƙarancin oksijin na cikin abubuwan da suka rage suna zaburar da shi ya ja numfashi ko ya farka. Da na cika shi da oksijin sai na kashe wannan ƙararrawa. Na'urar yatsa tana nuna mini lamba mai daɗi, domin ita oksijin kawai take gani, dattin kuwa yana ta taruwa har ya bugar da shi. Garin neman gira na kusa rasa ido. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ga wanda ake tsoron taruwar wannan iska a jikinsa ita ce a tsayar da lambar tsakanin 88 da 92, kada a bi ta ana neman 98.

Darasin ba sabo ba ne. A 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kofenhegen na ƙasar Denmak, marasa lafiya suna ta mutuwa a asibiti. Wani likitan sa barci mai suna Bjørn Ibsen ya gano cewa taruwar kabon dayoksaid ce ke kashe su. Aka riƙa huda maƙogwaro ana tura musu iska da jakar roba, ɗalibai sama da dubu suna karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar da hannu, mace-macen suka ragu ƙwarai. Daga nan ɗakunan kulawa ta musamman na asibitocin yau suka samo asali. Mu ma a nan, ko da yake an tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a 2020, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, shekaru suna ta hawa kansu.

Na'urorin da ake zaɓa a tsakaninsu domin dare uku ne, kuma a kasuwa ana yawan rikita su.

Ta farko ita ce oksijin, ko na silinda ko na injin tacewa. Tana ƙara yawan oksijin a iskar da mutum ya shaƙa, amma ba ta ja masa numfashi. Ta dace da mai ƙandararren huhu wanda aka auna aka tabbatar dattin iska ba ya taruwa a jininsa. Idan ƙarancin ya kai ga ko da rana yana zaune lambar ba ta wuce 88, akan rubuta masa amfani da ita aƙalla awa 15 a kowace rana.

Ta biyu ita ce CPAP, wadda Farfesa Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya fito da ita a 1981. Tana hura iska da ƙarfi ɗaya tak ta cikin takunkumi, domin ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Maganin masu minshari ce waɗanda numfashinsu ke yankewa a barci. Ba ta ɗauke wa gajiyayyen ƙirji aiki.

Ta uku ita ce wadda aka fi sani da BiPAP. Ƙarfin iskarta hawa biyu ne: yana ƙaruwa idan mutum ya ja numfashi, ya ragu idan zai fitar. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne ke zama sabon zugazugi. Ga irin su Yaya akan so samfurin da ke da agogon ko-ta-kwana, wanda zai tura numfashi da kansa idan mai barci ya yi jinkiri. Ba kowace BiPAP ce ke da shi ba, kuma mai shago ba lalle ne ya san bambancin ba. Idan bayan an daidaita ta oksijin bai isa ba, likita na iya haɗa ɗan kaɗan ta cikin bututun. Wani bincike da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2006 ya bi masu karkacewar ƙashin baya, ya nuna waɗanda aka ba na'urar tura numfashi sun fi waɗanda aka bari da oksijin kaɗai daɗewa a raye nesa ba kusa ba.

Zaɓi tsakanin ukun nan sai da awo. Akwai gwajin busa, wanda ke nuna yawan iskar da huhu ke ɗauka, a zaune da kuma a kwance. Akwai awon oksijin na dare guda cur, wanda na'ura ke adanawa. Sai awon iskar jini daga jijiyar wuyan hannu, wanda shi ne ke fallasa kabon dayoksaid. Inda ba a samu wannan ba, sinadarin bayikabonet da ke fitowa a gwajin ƙoda na yau da kullum yakan ba da haske: idan ya kai 27 ko ya haura, akwai dalilin zurfafa bincike. Ita kanta na'urar yatsa ba a sakin jiki da ita. Masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun nuna a 2020 cewa takan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da na farar fata.

Sai maganar da takardun ƙasashen waje ba su cika damuwa da ita ba, wato wuta. Injin tace oksijin na gida yana jan wat 300 zuwa 400, kuma zai yi haka har gari ya waye. BiPAP kuwa, idan ba a kunna tukunyar ɗumama ruwanta ba, 'yan gomomin wat take ci, batir da ƙaramar sola sun riƙe ta. Wanda numfashinsa ya dogara da na'ura dole ya yi tanadin daren da za a ɗauke wuta tun kafin ya saye ta. Mai kunna janareta ya nisanta shi da taga, domin hayaƙinsa kisa yake yi a ɓoye, na'urar yatsa kuma ba ta gane gubarsa. Inda ake amfani da oksijin, ba taba, ba fitilar kananzir, ba kaskon turaren wuta. A lokacin hunturu a riƙa duba matatar iska akai-akai saboda ƙura. Magungunan sa barci da maganin tari mai kodin da taramol kuwa danne numfashi suke yi, kada mai irin wannan ciwo ya kusance su sai da izinin likita.

Sabawa da takunkumi ma aiki ne. Makon farko Yaya cire shi yake yi cikin dare. Ya ce mini, "Kai, wannan abu kamar an ɗora mini akwati a fuska." Na ce, "Yaya, ka daure, ka fara da awa ɗaya da rana kana zaune." Aka sauya masa wani da ke rufe hanci kawai, aka sassauta maɗaurin da ke ci masa karan hanci. Cikin wata guda ciwon kan asuba ya tafi, kumburin ƙafa ya saɓe. Kafin ƙaramar salla ya koma kan kekensa, kuma shi ya ɗinka wa 'ya'yana kayan sallar shekarar.

Mun yi sa'a muna kusa da babban asibiti, kuma akwai masu albashi a gidan. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya, saboda haka irin Yaya suna da yawa a garuruwa da ƙauyukanmu, kuma akasari ana ɗaukar gyangyaɗinsu a matsayin tsufa ko kasala. Ina kira ga gwamnatocin jihohi su wadata manyan asibitoci da na'urar awon iskar jini da ta gwajin busa, tare da horar da ma'aikatan da za su daidaita wa mutane na'urorin gida. Hukumomin inshorar lafiya su duba yadda za a riƙa ba da hayar waɗannan na'urori, tunda sayensu ya fi ƙarfin talaka. Masu sayar da kayan asibiti kuma su ji tsoron Allah, su nemi takardar likita kafin su miƙa wa mutum injin oksijin, domin oksijin magani ne mai ƙa'ida kamar kowane magani.

Ga 'yan'uwana 'yan boko da ake kira idan ciwo ya tashi a gida, ina roƙon mu san iyakar karatunmu. Idan ka ga lamba ta sauka a yatsan ɗan'uwanka da dare, kai shi wurin likitan ƙirji, ka yi masa tambayar da ni ban yi ba: Likita, huhun ne ya ƙandare, ko maƙogwaron ne ke rufewa, ko ƙirjin ne ya gaji? Kuma an auna kabon dayoksaid ɗinsa? Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya sa kaffara ne.