Yadda mai sana'a zai raba wa yaransa aiki a waya ba tare da ya miƙa musu makullin komai ba

Sana'ar da ake yi ta waya, ranar da ta fara albarka ranar mai ita yake fara rasa barci. Mai sayar da caja da murfin waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko mai tallar atamfa da turare a WhatsApp, shi ne mai ɗaukar hoton kaya, shi ne mai amsa "nawa ne?" da tsakar dare, shi ne mai duba alat, shi ne kuma mai neman wanda zai kai saƙo tasha. Daga nan sai a ɗauki yaro ko biyu. To, a nan mutane suka kasu. Wani ya ɗauki yaron amma ya ƙi sakar masa komai, yaron ya wuni yana kallon TikTok, maigida kuma yana ta haƙilo shi kaɗai. Wani kuma ya miƙa waya sukutum, da lambar buɗe ta, da lambar sirrin banki, wai ai yaron na gida ne.

Duka biyun asara ce. Abin da ake miƙa wa ma'aikaci shi ne aiki da iznin da aikin yake buƙata. Mallakar asusu kuwa tana zama a hannun mai ita, kuma manhajojin da ke cikin wayar sun riga sun tanadi hanyar yin haka.

A fara da WhatsApp Business, tunda can cinikin yake. Tun watan Afrilun 2023 kamfanin ya ba da damar a buɗe asusu ɗaya a wata wayar daban, ba a kwamfuta kaɗai ba. Ana iya haɗa na'urori har 4 da babbar wayar. Mai sana'a zai shiga wurin da aka rubuta Linked devices, ya ɗauki hoton lambar QR da ta fito a wayar yaronsa, shi ke nan yaron ya fara amsa kwastomomi da lambar shago. Layin yana nan a wayar maigida, kuma duk ranar da aka rabu, daga wannan wurin zai cire wayar yaron cikin daƙiƙa kaɗan. Sai dai a lura, idan babbar wayar ta haura kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a cikinta ba, sauran na'urorin za su fita da kansu.

Akwai abin da tsarin ba ya yi: ba ya ɓoye hira. Wanda aka haɗa wa waya yana ganin saƙonnin da ke shigowa asusun, har da wanda bai shafe shi ba. Saboda haka wanda ke hira da iyalinsa da lambar da yake ciniki, ya fara raba layi kafin ya raba aiki. Layin kasuwancin kuma ya kasance da NIN ɗin mai sana'ar aka yi masa rajista. Ba ƙaramin ganganci ba ne a gina kasuwa shekara biyu a kan layin yaron shago, domin ranar da ya buɗe nasa shagon, da lambar da kwastomomin zai tafi, kuma babu mai ce masa ya yi sata, layinsa ne.

Shafin Facebook ma haka. Babu dalilin ba wa kowa kalmar sirri. A saitin shafi ana iya ƙara mutum da asusunsa na kansa, a zaɓa masa abin da zai taɓa: wallafa hotuna, amsa saƙonni, ko kula da talla. Wurin da ake zamewa shi ne maɓallin da ke ba da cikakken iko. Wanda aka kunna wa shi yana iya ƙara wasu, ya cire kowa har da mai shafin, ko ya goge shafin gaba ɗaya. Mai amsa saƙo ba ya buƙatar wannan ko da ƙanin maigida ne.

Saita manhaja shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne faɗin aikin. "Ka kula da WhatsApp" ba aiki ba ne, domin yaron bai san inda ikonsa ya tsaya ba, kuma wanda bai san iyakarsa ba ko dai ya riƙa kiran maigida a kan kowane ciniki, ko ya yanke hukuncin da zai jawo faɗa. Umarni mai kyau yana faɗin abin da ake so a gani, da lokacin, da iyaka. Misali: a amsa kowane saƙo kafin a tashi daga shago; ana iya yin ragi har naira 500 ba sai an tambaya ba; ba a ba da bashi; kaya ba ya fita sai maigida ya tabbatar kuɗi sun shiga asusu, ba hoton rasit da kwastoma ya turo ba. Wannan na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci, saboda rasit ɗin bogi ya zama ruwan dare, kuma sabon yaro shi ne ya fi saurin faɗawa.

A rubuta waɗannan ƙa'idoji. Saƙon murya na minti biyar daɗin yi gare shi, amma ba a iya laluben farashi a cikinsa lokacin da kwastoma ke jira. A guruf ɗin ma'aikata ana iya maƙale saƙo a sama na awa 24, kwana 7 ko kwana 30. Amsoshin da ake maimaitawa kullum, irin su lambar asusu da kwatancen shago, a adana su a matsayin amsar gaggawa ta WhatsApp Business, wadda ke fitowa da an danna alamar "/". Ta haka lambar asusun da za a tura wa kwastoma guda ɗaya ce, wadda maigida ya rubuta da hannunsa.

Lissafin kaya da ciniki kuwa Google Sheets ya wadatar, kuma kyauta ne. Yana ba da izni hawa uku: mai dubawa kawai, mai barin sharhi, da mai gyarawa. Idan aka buɗe shi a kwamfuta ana iya kulle layin farashi yadda mai shigar da ciniki ba zai iya taɓa shi ba, kuma tarihin gyare-gyare yana nuna wanda ya canza abu da lokacin da ya canza. Sharaɗin shi ne kowa ya shiga da Gmail ɗinsa. Idan mutum uku suna amfani da adireshi ɗaya, tarihin ba zai nuna kowa ba sai sunan maigida.

Saura bibiya. Tunda maigida yana ganin kowace hira a wayarsa, zuciya za ta riƙa raya masa ya tsoma baki a tsakiyar ciniki. Idan ya yi haka, kwastoma zai ji farashi biyu daga lamba ɗaya, yaron kuma zai koma jiran umarni. Ya fi kyau a tsayar da lokaci ɗaya, misali bayan la'asar, a duba cinikin ranar tare, a gyara kuskure a can. Yaron da ya yi wata guda lissafinsa yana fita daidai, a ɗaga masa iyakar ragin, ko a ƙara masa hulɗa da masu kai kaya. Lambar sirrin manhajar banki, da lambar da ake turowa ta tes don tabbatar da fitar kuɗi, da lambobi shida na ƙarin tsaron WhatsApp, waɗannan ba sa cikin abin da ake ƙarawa.