Tabarau ga Mai Rikita Ja da Kore

A fadamun Haɗejia, lokacin tsinkar tumatir da attarugu, ba a rasa yaron da ake tsintar ɗanye a kwandonsa, nunanne kuwa ya bar shi a cikin ganye. Kullum yana shan faɗa: "Kai ba ka gani ne?" Gani yana gani sarai. Ja da kore ne suke rikice masa, kuma da abinsa aka haife shi.

A can cikin ido akwai ƙananan ƙwayoyi iri 3 masu karɓar haske: na ja, na kore da na shuɗi. Mai wannan lalura, na ja da na korensa saƙo kusan iri ɗaya suke kai wa ƙwaƙwalwa, wani ma ɗayan babu shi sam. Gado ne, yawanci ta wajen uwa, kuma maza ya fi kamawa. A Turai kusan namiji 1 cikin 12 ne, a Afirka bai kai haka ba.

Tun 2012 kamfanin EnChroma na Amurka ke sayar da tabarau domin irin waɗannan mutane, kuma hotunan masu kukan murna bayan sun saka shi sun cika intanet. To, me yake yi?

Aikin rariya yake yi. Mace ta dawo daga niƙa, ta zauna da kwano tana tankaɗe: tsaki da dusa su tsaya a sama, lallausan gari ya zuba ƙasa. Tuwo zai yi kyau, amma rariya ba ta ƙara ko cokali ɗaya a kan abin da aka niƙo, ragewa ma take yi. Tabaran nan ma yana tare wani yanki ne na haske, daidai inda ja da kore suke cuɗewa, sai abin da ya wuce ya ɗan fi rarrabuwa. Wanda ƙwayoyinsa 3 suke nan, rauni kawai suka yi, yana iya ganin tumatir ya fito daga ganye. Wanda babu ɗayan, da wuya ya amfana. A 2018 masu bincike a Jami'ar Granada ta Sifaniya sun gwada tabaran, suka ga bai sa masu lalurar sun ci gwajin launi ba. Akwai kuma ɗan gilashi mai ja-ja da ake liƙawa a ƙwayar ido, shi ma tacewar ce. Tun da duk haske suke ragewa, ba na tuƙin dare ba ne.

Ni abin da ya fi damuna, yara nawa ne a makarantun Kafin Hausa aka taɓa gwada su? Gwajin ba wuya: littafi ne na ɗige-ɗige masu launi da lambobi a ɓoye, wanda likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar a 1917, kuma cikin 'yan mintoci ake gamawa. Saurayin da ke burin tuƙin jirgin sama ko aikin wayoyin lantarki gara ya san matsayinsa tun yana firamare. Wayoyin Android ma suna da saitin gyaran launi, kyauta.

Amma babban da a da yake bambance launi lafiya, yanzu suka fara dusashe masa, wannan ba gado ba ne. Ciwon suga, yanar ido, hawan jinin ido, har da ethambutol da ake ba masu tarin fuka, duk suna iya jawo haka. Shi kam ya nufi asibitin ido tun da wuri.