Darussan Fasaha da Al'adun Ɗan Adam a Zariya

Darussan fasaha da al'adun ɗan Adam su ne fannonin ilimi da ke nazarin abin da mutane suka faɗa, suka rubuta, suka ƙera ko suka yi imani da shi, da kuma yadda suka rayu a zamanin da ya wuce. Sun haɗa da tarihi, harshe, adabi, falsafa, nazarin addini, binciken kufai, zane da sassaƙa, kiɗa da wasan kwaikwayo. A makarantun sakandare na Najeriya ɗalibai kan kira wannan ɓangare "ajin at", a jami'a kuma yawancinsu suna ƙarƙashin Tsangayar Fasaha.

Zariya, hedikwatar masarautar Zazzau a Jihar Kaduna, tana cikin garuruwan da suka fi tasiri a kan waɗannan darussa a Arewacin Najeriya. Hanyoyin ilimi uku ne suka haɗu a cikinta: karatun zaure na tsohon birni, aikin fassara da ɗab'i da ya kankama a shekarun 1930, da karatun jami'a a Samaru da Kongo. Da yawa daga cikin abin da ake nazari a ajin jami'a, kamar tsofaffin rubuce-rubuce da gine-gine da labaran baka, a cikin ganuwar birnin suke.

Bambancinsu da sauran fannoni

Ɗalibin kimiyya yana dogara ne da gwaji da awo. Ɗalibin kimiyyar zamantakewa, kamar tattalin arziki ko siyasa, yana yawan amfani da ƙididdiga da jin ra'ayin jama'a. Shi kuwa ɗalibin fasaha, kayan aikinsa su ne matani da hujja: ya karanta takarda ko waƙa ko gini, ya binciki wanda ya yi shi da lokacin da aka yi shi da dalilin yin sa, ya kwatanta shi da wasu shaidu, sannan ya bayyana fahimtarsa a rubuce. Saboda haka ƙwarewa a harshe ita ce ginshiƙin dukkan waɗannan fannoni.

Karatun zaure a tsohon birni

Tun kafin zuwan Turawa, Zariya ta yi suna a matsayin garin da ake zuwa neman ilimi, musamman nahawu da luggar Larabci. Unguwanni irin su Kona da Juma sun shahara da gidajen malamai. Wanda ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo yakan wuce makarantar ilimi, inda malami ke zama a zaurensa, ɗalibi ya karanta nasa littafin, malamin yana fassara masa da Hausa kalma bayan kalma.

A fiƙihu akan fara da ƙananan littattafai kamar Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya da Risala, a kai ga Muhtasar. A nahawu akwai Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik, a adabi kuma akwai Ishiriniya da Muƙamar Hariri da waƙoƙin Larabawan jahiliyya. Idan aka auna da ma'aunin yau, wannan manhaja ce ta harshe da adabi da shari'a da tauhidi. Daga cikinta ne rubutun ajami ya bunƙasa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903 kuma Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, yana cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa, kuma har yanzu ana nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i.

Boko, fassara da ɗab'i

A farkon shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta zaunar da Hukumar Fassara a Zariya, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. A 1933 hukumar ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A lokacin ne kuma aka buga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Waɗannan littattafai su ne tushen ƙagaggen labarin Hausa na boko.

A Zariya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939, shi ne editanta na Hausa. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA ta biyo baya a shekarun 1950, wadda ta wallafa littattafan yaƙi da jahilci da na adabi, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Wannan aiki ya taimaka wajen daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, ciki har da amfani da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A ɓangaren mishan kuwa, Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a cikin birni kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932.

Zamanin jami'a

A 1952 aka kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, mai rassa a Zariya da Ibadan da Inugu. Reshen Zariya yana cikin cibiyoyin da aka haɗa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962. Babban mazaunin jami'ar yana Samaru, arewa maso yamma da birni, ɗaya mazaunin kuma yana Kongo, inda ake karatun shari'a da harkokin mulki. Tsangayar Fasaha tana da sassan Tarihi, Binciken Kufai, Harsuna da Al'adun Afirka, Larabci, Turanci da Adabi, Faransanci, Falsafa da Wasan Kwaikwayo. Sashen Zane-zane yana ƙarƙashin tsangayar da ke kula da tsara gine-gine da muhalli.

Tarihi da binciken kufai

Farfesa Abdullahi Smith ne ya kafa Sashen Tarihi a 1962. Ya dage a kan cewa a rubuta tarihin ƙasar nan daga shaidun cikin gida, wato littattafan Larabci da ajami da labaran baka, kada a tsaya ga rahotannin Turawan mulki kaɗai. Don haka aka kafa shirin tattara tsofaffin rubuce-rubuce na Arewa, kuma a 1970 ya assasa Gidan Arewa a Kaduna. Cikin fitattun malaman da sashen ya yaye akwai Yusufu Bala Usman (1945–2005), wanda ya yi bincike a kan tarihin Katsina, da Mahmud Tukur, wanda ya yi nazarin yadda Turawa suka kafa mulkinsu a masarautun Arewa.

Labarin Sarauniya Amina misali ne na irin aikin da ɗalibin tarihi ke yi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, a ƙarni na 15, amma labaran Zazzau da ke cewa ɗiyar Bakwa Turunku ce sun kai ta ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri. Aikin mai nazari shi ne ya auna kowace majiya, ya duba yaushe aka rubuta ta da kuma daga ina marubucin ya samo labarinsa.

Inda takarda ta ƙare, binciken kufai ke karɓa. Tsofaffin mazaunan Turunku da Kufena da ganuwoyinsu suna nuna yadda cibiyar mulkin Zazzau ta riƙa sauya wuri. Tonon da aka yi a yammacin Samaru a shekarun 1970 ya gano matoyar tama da ke nuna cewa ana narkar da ƙarfe a yankin tun kafin shekara ta 1000 Miladiyya.

Zane, gini da sana'o'in hannu

A 1955 aka dawo da sashen zane na kwalejin daga Ibadan zuwa Zariya. A 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Sun ƙi amincewa da koyon salon Turai zalla, suka nemi a haɗa dabarun zamani da zane-zanen gargajiya na al'ummomin Najeriya. Ana yi musu laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya, kuma tasirinsu ya game makarantun zane na ƙasar.

Tsohon birni yana da nasa gwanayen. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834–1846). Bakan gizo da tulluwar da ya ɗaga da ƙasa da azara ana lissafa su cikin mafi ingancin ginin Hausa. A shekarun 1970 aka lulluɓe wani ɓangare na tsohon ginin da sabon gini na siminti. Haka kuma birnin ya shahara da ɗinkin hannu na manyan riguna, irin su aska biyu da aska takwas, da kuma adon bangon gidaje.

Wasan kwaikwayo

An fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar a tsakiyar shekarun 1970, ƙarƙashin jagorancin Michael Etherton, kuma an gina dandalin wasan da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe. Sashen ya yi suna da wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma: ɗalibai su shiga unguwa ko ƙauye, su saurari matsalolin mutane kamar ruwan sha ko rikicin gona, su shirya wasa tare da su, sannan a tattauna mafita bayan an gama.

Hanyar shiga da ayyukan yi

Ɗalibin ajin fasaha a babbar sakandare yakan ɗauki Turanci da lissafi, ya ƙara da darussa kamar adabin Turanci, gwamnati ko tarihi, ilimin addinin Musulunci ko na Kirista, Hausa, Larabci ko Faransanci. Shiga jami'a yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu, da kuma jarrabawar JAMB mai darussa huɗu, wadda Turanci ya zama dole a cikinta. Mai son karatun shari'a ko Turanci yana buƙatar adabin Turanci. Digirin farko a Tsangayar Fasaha shekara huɗu ne, amma mai takardar NCE ko IJMB yana iya farawa daga aji biyu.

Waɗanda suka kammala sukan yi aikin koyarwa, jarida, fassara, ɗab'i, aikin gwamnati, kula da gidajen tarihi da ɗakunan adana takardu, ko harkar fim. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI suna ɗaukar waɗanda suka ƙware a harshe, haka ma masu haɗa manhajojin fassara na kwamfuta.

Matsaloli

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'a ga fannonin kimiyya, kashi 40 ga sauran, kuma iyaye da dama suna ɗaukar ajin fasaha a matsayin na waɗanda suka kasa lissafi. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, sai a Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da shi tare da horar da malamai.

Su kansu kayan nazarin suna cikin haɗari. Ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da sababbin gine-gine sun cinye sassa da yawa na ganuwa, an kuma sake gina ƙofofi irin su Ƙofar Doka da kayan zamani. Littattafan hannu da ke gidajen malamai suna fama da gara da danshi, wasu kuma sukan watse wajen rabon gado. Ceto su yana buƙatar mutanen da suka iya Larabci da ajami, suka kuma san dabarun bincike da ɗaukar hoton takardu, wato waɗanda suka haɗa karatun zaure da na jami'a.