Tsohuwar mota ta hannu: abin da ya kamata a duba kafin a ƙirga kuɗi

A wuraren saida motoci na Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, akasarin ƙananan motocin gida masu ƙofa huɗu da ake baje wa masu saye sun haura shekara 15 da ƙerawa. Toyota Corolla, Avensis, Camry, Carina E, Peugeot 406, wani lokaci har da Mercedes 190, su ne ƙarfin ma'aikaci ko ƙaramin ɗan kasuwa ke iya kaiwa gare su. An daina ƙera Carina E tun 1997, Mercedes 190 tun 1993, ita kuwa 406 a shekarar 2004 aka rufe babinta a Faransa. Saboda haka in dillali ya ce mota sabuwa ce, abin da yake nufi shi ne ba ta jima da sauka daga jirgin ruwa ba.

Shekaru da dama ta tashar Kwatano waɗannan motoci ke shigowa, shi ya sa ake ce masu ƴan Kwatano. Rufe iyakar Gaya da Malanville bayan 26 ga Yulin 2023 ya karkatar da kaya da yawa zuwa Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko ya ƙaru. Wanda ya yi shekara uku yana zubin adashi, ko ya ci bashin banki da za a riƙa yanka daga albashinsa, in ya yi kuskuren zaɓe ba shi da kuɗin sake wata. Ya ci gaba da biyan bashi, mota kuwa tana ajiye a garejin makanike.

Abubuwa biyu ne suka fi ɗaukar hankalin mai saye, fenti da lambar kilomita, kuma su ne suka fi sauƙin gyarawa a ranar kasuwa. Fenti dai kyan ɗan maciji ne. Lambar kilomita kuwa ana mayar da ita baya, ko ta allura ce ko ta lantarki. Lissafi kaɗan ya isa: motar da ta yi shekara 18 a Turai, ko da kilomita dubu 12 kawai take ci a shekara, ta kai dubu 216. In an ga dubu 95 a allonta, sai a nemi shaida a wani wuri. Sitiyarin da ya yi sulɓi, robar birki da ta kuloci da suka cinye, kujerar direba da ta lotsa, ba su tafiya da ƙaramar lamba. Makanikan Turai kan manna ƴar takarda a bakin ƙofa ko a cikin ɗakin inji, ɗauke da kwanan wata da kilomitan da aka yi juyen mai, kuma masu rage lamba sukan manta da ita. Motocin da suka fito daga Amurka, irin su Camry da yawa, da mil suke ƙirga: mil dubu 150 kilomita dubu 240 ke nan.

Dubawar gaske da sassafe ake yinta, kafin kowa ya tada motar. A ɗora hannu kan inji. In da ɗumi, an riga an tada shi, kuma inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi, da ƙarar ƙarfe ta daƙiƙun farko, da hayaƙi. Gara a sa wata rana. In an murɗa makulli ba a tada ba, ya kamata duk fitilun gargaɗi su kama, musamman ta inji, ta baƙin mai da ta jakar iska, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, sau da yawa cire ƙwanta aka yi. Sai wani ya tsaya a baya ya kalli salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin inji na ƙona baƙin mai. Baƙi na nufin yana shan mai fiye da ƙima. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba.

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin a Nijar zafi ne ya fi kashe tsofaffin injuna. Motar da ta yi rayuwarta a Beljiyam ko Jamus ba ta san watan Afrilu na Tawa ba, lokacin da zafi ke haura digiri 43 a inuwa, kuma za a nemi ta yi kilomita sama da 600 daga Yamai zuwa Maraɗi da mutum biyar da kaya da na'urar sanyi a kunne. Inji da sanyinsa, a buɗe murfin lagireto, wanda wasu ke kira radiyata. Ruwan da ke ciki ya kamata ya zama mai launi, kore ko ja-ja, mai tsabta. Ruwa mai kalar laka alama ce an daɗe ana zuba ruwan famfo, tsatsa ta ci hanyoyin ciki. In akwai maiƙo yana yawo a kai, ko kuma ana ganin kumfa na tasowa ba tsayawa bayan an tada inji, to gaskit ɗin kan inji, wato juwan kilas a bakin makanikai, ya ƙone ko yana hanyar ƙonewa. Ƙarƙashin murfin baƙin mai ma a duba: abu mai kauri kamar shayi da madara ruwa ne ya gauraya da mai. Kada dai a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, tafasasshen ruwa ne zai yi tsartuwa a fuska.

Ga motar da ta riga ta yi aiki a ƙasar nan akwai ƙarin tambayoyi biyu. Makanikai da dama na cire tamostat, ƴar na'urar da ke daidaita zagayen ruwa, su kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Wasu na yin haka ne don al'ada, da zaton an ƙera na'urar don ƙasashen sanyi kawai. Amma sau da yawa an yi ne don rufe matsalar zafi da ba a gano tushenta ba. Fankar da ke juyawa inji da sanyinsa dalili ne na tambayar mai motar yaushe aka haɗa ta haka, kuma me ya faru kafin nan. Injin da ya taɓa tafasa sosai, kansa na iya lanƙwasa, kuma sabon gaskit ba ya daɗewa a kan lanƙwasasshen kai.

Bayan inji sai ƙasa. A Turai ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa daga ƙasa yake cin mota, inda ido ba ya kaiwa. A hau da ita kan ramin gareji, a bi shasi da fitila, a daddanna wuraren da ake zargi da sukurdireba. Tsatsar sama-sama ba abin tsoro ba ce. Wadda ƙarfe ke ɓarewa ko yake hudewa, musamman inda ƙafafu suke ɗaure, ba ta da magani mai araha. Baƙin fenti mai kauri da aka fesa kwanan nan a ƙarƙashin mota ya cancanci tambaya. A nan ne kuma ake ganin ɗigar mai, da walda a inda kamfani bai yi walda ba, wadda ke nuna tsohon haɗari. Ƙaramin maganaɗisu ba ya kama jikin mota da kyau a inda aka cike lotsawa da ƙullun gyaran jiki. Tun bayan ambaliyar 2020 da ta 2024 ya kamata a ƙara da ɗaga shimfiɗar ƙasa da leƙa ramin safaya: busasshiyar laka, warin rima, ko tsatsa a kan kusoshin kujeru na nuna motar ta kwana cikin ruwa, kuma wayoyinta za su riƙa ba da wahala ɗaya bayan ɗaya.

Sunan kamfani na da amfani, amma bai isa ba. Toyota ta samu karɓuwa ne saboda injinta na da haƙuri, kayan gyaranta na nan a kowace kasuwa, ko a kawo daga Kano cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma kowane makanike ya san cikinta. Duk da haka injunan fetur na VVT-i da aka sa wa Corolla da Avensis a farkon shekarun 2000 sun yi suna wajen shan baƙin mai, haka ma injin lita 2,4 na Camry ta 2007 zuwa 2009. Waɗannan da sarƙa suke aiki a ciki. Carina E da Peugeot 406 kuwa bel ɗin roba ne ke haɗa sama da ƙasan injinsu, kuma a 406 in ya tsinke ana tafiya yakan lanƙwasa bawul. In babu shaidar ranar da aka canja shi, a ɗauka ba a canja ba, a sa kuɗinsa cikin ciniki. Injunan gazuwal na zamani, HDi ko D-4D, ba su shan mai da yawa, sai dai ba su jure gurɓataccen mai, kuma gyaran allurorinsu na da tsada. Wanda ya san a hannun ƴan ruwa-ruwa zai riƙa shan mai, ya yi tunani sau biyu.

Zagaye ɗaya a bakin wurin saida motoci ba gwaji ba ne. A nemi aƙalla rabin awa, da rana tsaka, na'urar sanyi a kunne, a bi kwalta, a bi hanyar laterit mai gargada don jin ƙarar ƙafafu, sannan a tsaya minti goma inji na aiki ana kallon allurar zafi. Kada ta wuce tsakiya. Giyar otomatik ta shiga ba jinkiri ba fizga, manta ya zama ja, ba baƙi mai ƙaurin ƙuna ba. A giyar hannu, in an taka totur a babbar giya inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Motocin fetur da aka saida a Turai daga 2001, da na Amurka daga 1996, suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma garejin da ke da kwamfuta zai karanta matsalolin da ke ajiye cikin ƴan mintuna. Makaniken da zai yi duk wannan ya zama na mai saye, shi zai biya shi ladansa; wanda dillali ya kawo yana da kamasho a cinikin. Masu aika kuɗi Lome don hoton da suka gani a WhatsApp kuwa, cinikin biri a sama suke yi, sai in suna da amintaccen da zai shiga ƙarƙashin motar a madadinsu.

Takardu na iya sa mota mai lafiya ta zama asara. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, babu I, O ko Q a cikinta. Wadda ke buge a jikin ƙarfe dole ta yi daidai da ta kart giriz da ta takardar duwan, harafi da harafi, kuma kada a ga alamar goge ko walda kewaye da ita. A motocin kasuwar Amurka, alama ta goma ita ce shekarar samfuri: Y na nufin 2000, 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Motar da ba a biya mata kuɗin duwan ba, ko mai lambar wata ƙasa da ake saidawa da arha a garuruwan bakin iyaka kamar Ƙonni da Ɗan Isa, nauyin zai dawo kan wanda aka kama ta a hannunsa. Interpol na da rumbun bayanan motocin sata, kuma ta hannun ƴan sanda ake bincikawa. Sunan da ke kan kart giriz ya zama na mai saidawa, ko ya nuna takardar wakilci, a kuma rubuta takardar ciniki da shaidu a kai ta a buga mata hatimin hukuma.

Ko motar ta tsallake duk wannan, kada a ƙarar da kuɗi a wurin saye. Juyen mai, matatun iska da na mai, ruwan lagireto, bel, inshora da binyet duk suna jira a watan farko. Tayoyi ma haka: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, robarta ta fara bushewa, kuma ba a amince mata kan kwaltar Dogon Dutsi zuwa Ƙonni a watan Mayu.